Baturiyar Sham da Zawarawan 'Yata

Labarin Baturiyar nan a bakin maƙwabciyata na fara jin sa, wata Bashamiya da muke bene ɗaya da ita a unguwar Jurf, nan Madina, ƙofarta tana kallon tawa. Tsohuwa ce kamar ni, sai dai ta fi ni jiki, ta kuma fi ni baki. Duk ranar da za ta yi mahshi sai ta ƙwanƙwasa mini, in je in taya ta ƙwaƙule cikin 'yan kabewar nan nasu da suke cusa wa shinkafa da nama. Hannuna ya fi nata sauri. Ladana kuwa surutu ne, sai kwano ɗaya idan abinci ya nuna.

Rannan muna zaune a ƙasa, faranti a tsakaninmu, sai ta ce, "Ya Hajja, ke da kika yi maza huɗu, kin san kina da 'yar'uwa a Ingila?"

Na ce, "Ba ni da kowa a Ingila. Miƙo min wuƙar nan."

Ta ce ai ta mutu tuntuni, tun zamanin mulkin Turkawa, kuma a garinsu aka binne ta, a Dimashƙa. Wai kakar uwarta ta sha ganin ta a kasuwa, doguwa, ido kamar na mage, sanye da shuɗiyar rigar matan Baduwa, Larabawan dajin nan masu raƙuma. Ni dai ban gani ba. Yadda ta ba ni haka zan bayar, in da ƙari a ciki, wuyanta.

'Yar manyan gida ce, irin waɗanda ke shiga fadar sarkin Ingila ba sai an yi musu iso ba. Tana budurwa ta auri wani babba cikin masu mulkin ƙasar, ya ajiye ta a gida kamar kujerar falo, ya tafi sha'aninsa. Ita kuwa ba kujera ba ce. Ta haɗu da wani baƙo da ya zo aikin jakadanci daga wata ƙasar Turai, abu ya yi nisa har ya kai ga ciki. Miji ya ce zai sake ta. To su a lokacin, in ji Bashamiya, ba a ɗaki ake saki ba, ba kuma gaban alƙali ɗaya ba. Sai an kai maganar majalisar ƙasa, manyan maza masu furfura su zauna, a kira masu aikin gida su faɗi wa ya shiga, wa ya fita, wa ya ja labule. Jaridu kuma su buga, kowa ya karanta da shayin safe.

Na ajiye wuƙa na ce, "Majalisa guda a kan mace ɗaya? Ba su da aikin yi ne?"

"Wallahi, ya Hajja. Daga ranar kuma duk ƙofar da ta sani ta rufu."

Ta bi baƙon nan har Faransa. Da ya ga abin ya yi nauyi sai ya zame ya bar ta da goyo. Daga nan sai wani sarki a ƙasar Jamus, wannan ba aure. Sai wani Bajamushe mai sarauta, wannan aure ne, mutumin kirki ma aka ce, amma ta bar shi ta bi wani mutumin Girka ta aure shi. Wannan auren ma ya mutu. Har wani tsohon shugaban 'yan fashi ta bi kan duwatsu ta zauna da shi. Bashamiya tana lissafawa da yatsunta masu maiƙo, tana dariya har da tari.

Na ce, "To na ƙarshe fa? Ai kin ce huɗu."

Ta ce ta zo Sham ta doshi hamsin, tana so ta ga wani tsohon kufai a tsakiyar hamada, sai aka haɗa ta da wani shehin Baduwa ya yi mata jagora. Ta girme shi da kusan shekara ashirin. Kafin a dawo ya ce yana so. Aka ɗaura aure irin namu, da shaidu. Ba ta bar addininta ba, shi ma bai bar nasa ba. Rabin shekara suna gidanta a birni, rabi suna tanti a daji, tana tatsar raƙuma, tana dafa masa, idan ya dawo daga tafiya ta wanke masa ƙafa.

"Wannan ya yi wata nawa?"

"Wata? Har ta mutu, ya Hajja. Kusan shekara talatin. Shi ya bi gawarta."

Na daɗe ina juya matar nan a raina, ko a motar zuwa Harami sai in ga ta faɗo mini. Ba wanke ta zan yi ba. Abin da ta yi tsakanin aure da aure sunansa zina, a Ingila ko a Jurf, ba shi da wani suna. 'Ya'yan da ta riƙa bari a ƙasashe kuwa, duk gidan da ta fita ta bar yaro a ciki, wannan ya fi ci mini rai. Amma na lura Bashamiya ba zinar take wa dariya ba, ba kuma 'ya'yan ba. Lissafin take wa dariya, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kuma ta ce a duk cikinsu wanda danginta suka fi ƙi shi ne na ƙarshen. Sun haɗiye jakada, sun haɗiye sarki, amma Balarabe mai ɗaurin aure da shaidu ya tsaya musu a wuya. Wanda ya fi tsabta shi ne abin kunyar.

Da na yi ta tunani sai na gane abin da matar nan ta rasa. Zawarci ta rasa. A Sudan aka haife ni, a wani ƙauyen Hausawa bakin kogi, waɗanda kakanninsu suka taso aikin hajji hanya ta ajiye su a can. A wajenmu idan aure ya mutu, mace ta koma gidansu ta yi idda. Ranar da ta gama ta yi wanka, ta sa lalle, ta turara kayanta, ta zauna. Sunanta bazawara. Maza su zo su yi sallama a fili, da rana, kowa ya ajiye goronsa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Su ne zawarawa. Budurwa ake tayawa zaɓe, bazawara ita ke zaɓa da kanta, don ta riga ta san abin da ke cikin ɗaki. Ba wanda ke rage murya idan zai ambace ta. Sau uku na zauna a kan tabarmar nan, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Baturiya kuwa da ta fito daga ɗakin farko ba ta tarar da tabarma ba. Suna ɗaya ne ya rage mata a garinsu, mummunan, sai ta ɗauka ta yafa.

Ranar Juma'a da muke cin abinci tare na ba 'ya'yana labarin. Su biyu ne, uba ɗaya, ya rasu da daɗewa. Babbar mace ce, ta haura arba'in, tana ɗinki a wani shagon mata. Ƙaramin namiji ne, yana aikin ofis, ya auri 'yar Larabawan Madina. A nan aka haife su duka. Macen Hausarta ta zauna don kullum tana gindina. Shi kuwa yana ji, amma da Larabci yake amsawa, in ya ce zai yi Hausa sai ka ji kamar yana tauna tsakuwa. Ya yi ta dariya yana cewa fadiha, fadiha, wato abin fallasa. Yayarsa ba ta yi dariya ba. Tambaya ɗaya ta yi, ta ce, "Inna, da shekara nawa kika ce ta girme shi?"

A lokacin tana gida, aurenta na biyu ya mutu. Na farko sun daɗe, ba haihuwa, ya gaji. Na biyu ko shekara bai cika ba, ba kuma zan ɓata baƙaƙena a kansa ba. Tun da ta dawo ta shige ɗaki, daga shago sai gado. A nan garin ana ce wa irinta muɗallaƙa, sakakkiya, kuma da ƙaramar murya ake faɗi kamar sunan ciwo. Ni kuwa ranar da iddarta ta cika na je na sayo lalle da turaren wuta na ajiye mata a kan keken ɗinki. Na kuma gaya wa matan Hausawan unguwa cewa 'yata ta fito. Na san bakinsu.

Mutum biyu suka zo. Ɗaya direba ne, yana ɗaukar masu harami daga Bi'ir Ali zuwa Makka, mai surutu, mai turare. Ɗayan manomin dabino ne a Badar, iyayensa daga Chadi suka zo, matarsa ta rasu. Baƙi ne siriri, tafin hannunsa kamar bayan itace, kuma kowa ya gan shi ya san ta girme shi. Ranar Juma'a bayan la'asar suke zuwa, wannan mako wannan, wancan mako wancan. Su zauna a falo ƙofa a buɗe, ni ina lungu da carbina, in yi tari jefi-jefi don a san ina raye. Idan direba ne, muryarsa kaɗai nake ji. Idan mutumin Badar ne, tata nake ji, har da dariya.

To ni karatu sai da furfura ta fito na same shi, a ajin manya na matan unguwa. Baƙaƙen Larabci suka koya mana, da su kuma nake rubuta Hausata a jawwal, wato wayar hannu, ba wasali, yadda kowa ke rubutu a nan. Waɗannan na boko daga baya ne. Don murna sai na zauna na rubuta wa ɗana: alhamdu lillahi, yayarka ta gama idda, zawarawa sun fara zuwa, har biyu, ranar Juma'a.

Ban yi tunanin komai ba. Amma ka rubuta zawarawa da baƙaƙen Larabci ba wasali, ka miƙa wa ɗan Madina, ka ga abin da zai karanta. Zuwwar zai gani. Kalmar da yake ji tun yana rarrafe, masu ziyara, baƙin da ke cika masaukai kewayen Harami, yau su zo gobe su tafi. Matarsa kuma tana kusa, ta leƙa. A duk saƙon kalma uku ta gane: idda, zuwwar, Juma'a. Ta ce masa, "'Yar'uwarka baƙi take karɓa? Maza?"

Ko sallamar kirki bai yi ba da ya shigo. Baƙar igiyar nan da Larabawa ke ɗorawa a kan rawani a karkace, jawwal a hannu yana nuna mini kamar ni ban san abin da na rubuta ba.

"Ummi, esh hada? Mene ne wannan? Zuwwar? A gidanmu? Har biyu?"

Sai da na karɓa na duba sannan na gane. Na yi dariya har carbina ya faɗi. Na ce, "Zauna, ya walad. Kai dai an yi asarar nonon Bahausa. Zawarawa aka ce, ba zuwwar ba. Masu neman aure. Wa ya gaya maka otel na buɗe?"

Ya zauna a bakin kujera. Na warware masa tun daga idda har zuwa goro, yadda na faɗa a baya. Na ga kafaɗarsa ta sauka, na ce a raina shi ke nan, kuskuren baƙi ne, ya wuce. Ashe kuskuren rufi ne kawai, abin yana ƙasa.

Ya ce, da Larabci, "Ko ma mene ne sunansa, Ummi, a nan ba a yin haka. Aure na uku. Kuma na ji wanda take so ɗin yaro ne a kanta, mai hawan dabino. Me zan ce wa surukaina? Me zan ce a ofis? So kike ta zama Ingiliziyyar nan da kike ba mu labari?"

Maganar ba ta wasa ba ce, don shi ne waliyyinta. Ubansu ba ya raye, ba baffa a kusa. In bai sa hannu ba, ma'azun mai ɗaura aure ba zai ko buɗe jakarsa ba.

Ashe yayar tasa tana bayan ƙofa. Ta fito da tsinken ɗinki a gashinta, ta tsaya a kansa. Da Hausa ta yi masa, a hankali, don kowace kalma ta shiga.

"Kai, ni na goya ka. Nan bayan ka yi wa fitsari. Ba izinin so nake nema a wajenka ba, wannan na riga na yi. Hannunka nake nema."

"In na ƙi fa?"

"In ka ƙi, ka san akwai kotu. Alƙali zai kira ka ya tambaye ka aibin mutumin, in ba ka da shi ya ɗaura da kansa. Amma ba na so in tsayar da ƙanena gaban alƙali. Kar ka sa ni."

Na ga abin da zai biyo baya: zaure cike da maza, ana tambayar wa ya shiga, wa ya fita, ranar wace Juma'a. Ko ta ci shari'ar, ta rasa ɗan'uwa, shi kaɗai gare ta. Ko ta bar shari'ar, ta koma ɗakin nan ta tsufa a kan keke.

Na ce masa, "Tsaya in tambaye ka. Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan babana mana."

"Baban naka na nawa ne?"

Ya sani, ba ɓoye masa aka yi ba. Bai dai taɓa zama ya ƙirga ba, don ba wanda ke ƙirga wa uwarsa.

Na ce, "Na uku ne. Bazawara ya same ni a garin nan, ina soya ƙosai ina sayar wa alhazanmu, aure biyu a bayana, kuma na girme shi. 'Yan'uwansa suka taru suka faɗa masa abin da ka faɗa yanzu, har da me za mu ce wa mutane. Ya ce su ce musu ya yi aure. Da ya saurare su, yau wa zai shigo mini gida ba sallama da igiya a karkace? Ita Baturiyar da kake zagi da ita, laifinta daban, na kuma faɗa. Yayarka me ta yi? Ta yi idda, ta zauna a gidan uwarta, ƙofa a buɗe, ina tari a lungu. In wannan fadiha ne, to kai fadiha ta haifa."

Ya tashi ya fita, shayin da na zuba masa ko taɓawa bai yi ba.

Aka ɗauki lokaci ba ya zuwa cin abincin Juma'a. Direba ya gaji da jira ya auri wata a unguwarsu, Allah ya ba su zaman lafiya. 'Yata ta aika wa mutumin Badar cewa ya dakata da zuwa har ƙanenta ya sauko. Ya dakata, sai dai duk wanda zai shigo Madina daga can sai ya ba shi ɗan kwalin dabino ya kawo mana. Ba ta je kotu ba. Ba ta kuma ce ta fasa ba. Takan zauna a kan keke ba ta taka shi. A kwanakin nan na yi ta tunanin uwar Baturiyar, wadda ba wanda ya ba ni labarinta. Ko ta tsaya wa 'yarta, ko ita ma ta rufe ƙofa tare da sauran? Na tambayi Bashamiya, ta ce ita wannan ba ta sani ba, ba a ba da labarin uwa.

Abin da ya juya ɗana ban sani ba. Bai faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai ga wata Juma'a ya zo, motarsa ta yi buɗu-buɗu da ƙurar da ba ta cikin gari ba, ƙasan farar rigarsa da ƙaiƙayin dabino. Ya ci abinci ya ƙoshi, sannan ya ce, yana kallon faranti, "Mutumin ba shi da laifi. Sai da ya bar ni a rana ya gama abin da yake yi a saman itace sannan ya sauko." Ya ce zai sa hannu, amma da sharaɗi. Ba zauren biki, ba kiɗa, kuma dangin matarsa ba za a gaya musu ba sai an gama.

Wannan sharaɗi ya yi mini ciwo. Na buɗe baki, 'yata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin ledar cin abinci. Ta ce, "Na yarda." Daga baya ta ce mini, "Inna, na yi kiɗa sau biyu. Me ya tsinana mini?"

Aka ɗaura bayan la'asar, mutum kaɗan. Matar ɗana ba ta zo ba, wai kanta na ciwo. Bashamiya ce ta zo da tukunyar mahshi, ta yi guɗa irin tasu ita kaɗai a kan bene, har na ƙasa suka leƙo. Ɗana ne ya kai mu Badar a motarsa, da akwatunanta da keken ɗinki a baya. Gidan ƙarami ne a bakin gona, an share tsakar gida an yayyafa ruwa. Angon ya fito ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya dubi ɗana ya ce, "Ranka ya daɗe, waliyyi, ɗan sauke mana keken nan, ai ƙanen mata ba ya zama." Ɗana ya juyo ya dube ni, fuska ta fara ɗaurewa. Na ce, "Wasa ne, haka ake yi. Kai ma rama." Ya yi tunani, ya tattaro Hausarsa ya ce, "Kai... kai gajere." Mutumin ya fi shi tsawo. Aka yi dariya, ya sauke keken.

Ba ta yi kuka ba da za mu tafi. Ta tsaya a bakin ƙofa da lallenta, ta ce in riƙa shan maganina.

A hanyar dawowa mun yi nisa. Can ya ce, "Ummi, in shi ma ya sake ta fa?"

Na ce, "Sai ka zo da motar nan ka ɗauko ta da kekenta. Ta yi idda, in sayo lalle."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya ce, "La haula wa la ƙuwwata." Amma bai ce ba zai zo ba.